Koyoti yana cinye mini 'yan awaki: wane harsashi zan saya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a yammacin jihar Teksas. Ni da wani abokina mun haɗa kuɗi mun kama fili muna kiwon awaki da 'yan tumaki. Tun da awakin suka fara haihuwa koyoti ya sa mu a gaba, yau a ɗauke wannan, jibi a ɗauke wancan. Na je shagon bindiga, mai shagon ya jero mini .17 HMR da .223 da .22-250 da .243 da 6.5 Creedmoor, kowanne sai ya yabe shi, na fito kaina a ɗaure. Ban taɓa mallakar bindiga ba. Wanne ya kamata in saya?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar muku da alheri, ya sa albarka a abin da ya rage. Wanda bai taɓa kiwo ba ba zai san zafin wayar gari ka tarar da akuya tana ta kuka, hantsarta cike da nono, babu ɗan da zai sha ba.

Idan na fahimce ka, kana neman harsashin da zai kashe koyoti, wato dabbar dajin Amurka mai kama da dila, nan take ba tare da wahalar da shi ba, wanda sabon hannu zai iya sarrafawa, kuma wanda ba zai zama haɗari ga dabbobinka da maƙwabta ba. Ga amsar tun daga farko: ka sayi bindiga mai cin .223 Remington, ka riƙa sa mata harsashi mai nauyin giren 50 zuwa 55 (giren ma'aunin nauyi ne) wanda kansa ke da tsinin roba. Na daɗe ina wannan farauta a gonakin makiyaya na wannan yanki naku, na kuma riƙe yawancin waɗanda mai shagon ya lissafa maka. Bari in warware maka dalili, domin ko da ka zaɓi wani daban, ka zaɓa da saninka.

Dabbar da kake fama da ita

Koyoti ɗan'uwan dila ne, sai dai ya fi dilar gida girma da ƙarfin hali. Na yammacin Amurka yawanci kilo 10 zuwa 16 ne. Na arewa maso gabas, wanda jininsa ya gauraya da na kyarkeci, yakan kai kilo 20 ko ya wuce. Gashi ne ke sa a gan shi babba. In an feɗe shi sai ka ga ɗan siririn jiki, fata marar kauri, ƙashi marar nauyi. Wurin da huhu da zuciyarsa suke, wato inda ake so harsashi ya shiga, bai fi tafin hannunka da yatsu ba.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Ba a bukatar babban harsashi don kashe shi, amma ana bukatar saiti mai kyau ƙwarai, tunda wurin harbin ƙarami ne, dabbar kuma ba ta tsayawa ta jira ka. Sannan yana da taurin rai. In aka same shi a ciki ko a cinya zai gudu ya shige duhuwa, ya kwana biyu yana mutuwa a wahale, ko ya warke da ƙafa uku ya koma cin abin da ba ya gudu, wato 'yan awakinka. Addininmu ya hore mu da kyautata kisa ko da dabbar mai ɓarna ce, don haka wannan magana ta harsashi ba ta ado ba ce.

Ka kuma auna filinka. A ƙasarku ta yammacin Teksas akwai sarari, akwai kuma ƙaya da gajerun itatuwa. Idan ka zauna kana kiransa da na'urar da ke kukan zomo, yawancin harbi yana faruwa ne tsakanin yadi 50 da 200. Harbin yadi 300 yakan zo jefi-jefi. Abin da ya wuce haka, sabon maharbi ya bar shi ya tafi.

Abin da lambobin suke nufi

Harsashi kashi uku ne da za ka kula da su: kwanso, albarushin da ke cikinsa, da kan harsashi, wanda shi ne ke fita ya tafi. Lambar farko a sunan harsashi tana nuna kimanin faɗin kan ne a ma'aunin inci, sai irin su 6.5 da ake aunawa da milimita. Kan .223 da na .22-250 faɗinsu ɗaya, inci 0.224, wato kimanin milimita 5.7. Bambancinsu girman kwanso ne: na .223 yana ɗaukar albarushi wajen giren 25, na .22-250 wajen giren 35 zuwa sama, shi ya sa yake tura kai iri ɗaya da gudu mafi yawa. Giren ma'aunin nauyi ne da za ka gani a jikin kowane kwali. Giren 55 ya yi daidai da giram 3 da rabi da 'yan kai. Gudun kuma ana rubuta shi da adadin ƙafa a sakan ɗaya. Adadin da zan kawo maka na kamfanoni ne, waɗanda akasari suke gwadawa da bututu mai inci 24. Idan bututun bindigarka gajere ne, irin mai inci 16, gudun zai ragu.

Ƙananan da zan ce ka bari

Kar ka sayi .22 LR don koyoti. Na zomo da kurege ne. Shi kuwa .17 HMR, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2002, harsashi ne mai daɗin harbi, ba ƙara sosai, ba dukan kafaɗa, saitinsa kuma tsaf. Amma kansa giren 17 ne kacal, yana fita da gudun ƙafa 2,550, ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na .223 ba. Na ga an kashe koyoti da shi a kusa, a hannun mutanen da suka ƙware. Na kuma bi sawun jini da yawa da ba mu ga ƙarshensa ba, saboda kan ya fashe a kafaɗa bai shiga ƙirji ba. Iska kaɗan ma tana kauce da shi. Ka ajiye wannan kuɗin.

Me ya sa .223

An fara sayar da .223 Remington ga jama'a a 1964, kuma tagwaye ne da 5.56 na sojoji. Kai mai giren 55 yana fita da gudun ƙafa 3,240 a sakan. Idan ka daidaita madubin saitinka a yadi 200, harsashin zai hau sama da inci ɗaya da rabi a yadi 100, ya sauka ƙasa da wajen inci 7 a yadi 300. Ma'ana, daga gabanka har yadi 230 ko makamancin haka, ka ɗora saiti a tsakiyar ƙirjin koyoti ka ja kunama kawai, babu lissafi. Wannan tazara ita ce ta kusan duk harbin da za ka yi.

Amma ainihin dalilina ba a wannan lissafi yake ba. Abin da ke kashe koyoti shi ne harbin da ya faɗa inda ya dace, abin da ke kawo wannan kuma atisaye ne, atisaye kuwa yana cin harsashi. A cikin duk waɗanda aka jero maka masu ƙarfin kashe koyoti, .223 ne mafi araha, kuma babu shagon ƙauyen da za ka shiga a Amurka ka rasa shi. Mutumin da ya harba ɗaruruwan harsasai a takardar gwaji da .223 ya fi wanda ya sayi babbar bindiga ya harba kwali ɗaya ya ajiye saboda tsada.

Sai maganar dukan kafaɗa. Sabon maharbi da ya fara da bindiga mai duka yakan koyi wata ɗabi'a mai wuyar bari: runtse ido da ƙanƙame jiki daidai lokacin jan kunama. Shi kansa ba ya sanin yana yi, sai dai ya ga harbinsa yana sauka ƙasa. Dukan .223 kaɗan ne ƙwarai, har kana iya ci gaba da kallon dabbar ta cikin madubi bayan harbi, ka ga inda ka same ta, ka kuma ga inda na biyun ya nufa, domin sau da yawa su biyu suke zuwa. Bututunsa kuma yana daɗewa bai cinye ba.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma ka riƙe shi da kyau. Ka karanta abin da aka zana a jikin bututun. Idan an rubuta 5.56 NATO ko .223 Wylde, tana cin duka biyun. Idan .223 Remington kaɗai aka rubuta, kar ka sa mata 5.56 ko da ya shiga daidai, domin matsin da yake haifarwa a cikinta yana iya wuce ƙima. Hukumar SAAMI, mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta daɗe da yin wannan gargaɗi.

Game da irin bindigar, ni na fi so sabon hannu ya fara da wadda ake ja wa sakata da hannu bayan kowane harbi. Tana koya wa mutum natsuwa, ba ta da wuyar tsaftacewa, kuma ko masu araha a cikinsu suna da saiti mai kyau a yanzu. Kuɗin da ka rage ka zuba shi a madubin saiti nagari, domin da asuba da almuru koyoti ya fi fitowa, lokacin da madubi marar kyau ba ya nuna komai.

.22-250 da .204

Ba zan ɓoye maka ba, .22-250 shi ne wanda tsofaffin maharban koyoti na yammacin Amurka suka fi ƙauna, ni ma ina riƙe da shi a wasu ranaku. Masu haɗa harsashi da hannu ne suka ƙirƙiro shi tun shekarun 1930, ta hanyar matse wuyan kwanson .250 Savage, sai Remington ya mayar da shi na kasuwa a 1965. Yana tura kai mai giren 55 da gudun ƙafa 3,680. Da saiti a yadi 200, saukarsa a yadi 300 wajen inci 5 ne, iska ma ba ta kauce da shi kamar .223. A fili fetal irin na arewacin Teksas ko Wyoming ko Montana, inda koyotin da ya taɓa jin harbi yake tsayawa can nesa yana kallonka, wannan ƙarin gudu yana da amfani na gaske. Ya fi .223 da kimanin yadi 75 zuwa 100 na harbin da mutum zai amince da shi.

Kuɗinsa fa? Harsashinsa ya fi tsada, ƙararsa ta fi yawa, bututunsa yana saurin zafi da saurin cinyewa. Sannan yawancin bindigoginsa na gargajiya zaren cikin bututunsu yana zagaye ɗaya ne a inci 14, wanda ba ya iya daidaita dogon kai mai nauyi, don haka an taƙaita ka ga giren 55 zuwa ƙasa ko kusa da haka. Ga wanda harbinsa bai wuce yadi 200 ba, koyotin ba zai bambanta .223 da .22-250 ba. Aljihunka da kunnenka ne za su bambanta.

Mai shagon bai ambaci .204 Ruger ba, amma za ka ji ana maganarsa. Ya fito a 2004, kai mai giren 32 yana gudun ƙafa 4,225, ba ya dukan kafaɗa ko kaɗan. Masu sayar da fata suna son sa saboda ƙaramar huda yake yi, sau da yawa ba ya fita ta ɗaya gefen. Idan za a yi amfani da shi, a ɗauki giren 39 ko 40, domin mai 32 yakan tarwatse a kan ƙashin kafaɗa. Kai ba fata kake nema ba. Fatar koyotin Teksas dama ba ta da kauri irin ta Montana da Kanada, kasuwar kuma ta faɗi tun bayan da kamfanin Canada Goose, wanda ya yi suna da sa gashin koyoti a wuyan rigunan sanyi, ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba.

Idan bindiga ɗaya za ka saya don komai

Nan ne kawai zan sauya shawara. Idan kana da niyyar farautar barewa a kaka don nama, kuma kuɗinka na bindiga ɗaya ne, ka ɗauki .243 Winchester. An fitar da shi a 1955 daga kwanson .308, faɗin kansa milimita 6. Za ka sa masa kai mai giren 55 zuwa 75 don koyoti, ka sa mai giren 90 zuwa 100 don barewa da aladun daji, waɗanda su ma suna cin jariran awaki a Teksas. Yana jure iska fiye da duk na baya, kuma koyotin da ya samu a ƙirji ba ya tashi. A Teksas doka ta yarda a harbi barewa da .223, amma wasu jihohi, irin su Colorado, ba sa yarda da abin da bai kai inci 0.24 ba ga manyan namun daji. Dukansa ya fi na .223, ko da yake bai kai ya tsorata babban mutum ba. Duk lokacin da ka sauya nauyin kai, sai ka koma ka sake gwada saiti.

Shi 6.5 Creedmoor, na 2007, harsashi ne nagari, an yi shi ne don gasar harbin nesa, kuma yana kashe barewa da kyau. Ga dabba mai kilo 14 ya yi yawa. Kansa mai giren 120 zuwa 140 zai ratsa koyoti ya wuce da sauran ƙarfinsa, a fili mai awaki da shingen maƙwabta. Yayinsa ake yi, shi ya sa kowane shago ke tallarsa.

Kan harsashi ya fi sunan harsashi muhimmanci

Wannan shi ne abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Za ka ga kwalin .223 mai arha ƙwarai an rubuta FMJ a jikinsa. Wannan kai ne da aka lulluɓe da tagulla har tsini, ba ya buɗewa yadda ake bukata. Yakan huda koyoti ya fice, dabbar ta gudu da rauni, shi kuma ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa ya yi tsalle ya nufi inda ba ka nufa ba. Ka saye shi don atisaye a filin gwaji, amma kar ka kai shi gona.

Wanda kake so shi ne mai siririn lulluɓi da tsinin roba, irin V-Max na Hornady, ko Ballistic Tip na ƙananan dabbobi na Nosler, ko BlitzKing na Sierra. Da ya shiga jiki sai robar ta koma ciki ta fasa kan, ya zube duk ƙarfinsa a cikin ƙirji. In ka kuskure ya daki ƙasa, yawanci tarwatsewa yake yi. Duk da haka kar ka dogara da wannan. Harsashin .223 da aka harba sama yana iya tafiyar fiye da mil 2. Koyoti yana son tsayawa a kan tudu, sararin sama a bayansa, kuma wannan harbi ne da ba a yi, komai haushin da kake ji. Sai ka ga ƙasa a bayansa wadda za ta tare harsashin.

Ka sayi iri biyu ko uku, kwali ɗaya-ɗaya, ka gwada a yadi 100, domin kowace bindiga da wanda ta fi so. Wanda ya fi tara harbi wuri ɗaya, shi za ka riƙe. Bayan ka daidaita saiti a kan tebur, ka sauka ƙasa ka zauna, ka ɗora bindigar a kan sandunan tallafi, tunda haka za ka yi harbi a daji. Tazarar da kake iya sa harbi biyar a jere cikin da'ira mai faɗin inci 4 daga zaune, ita ce iyakarka, ko da harsashin yana iya wuce nan. In ya ba ka gefe, ka sa a bayan kafaɗa kaɗan. In ya fuskance ka, tsakiyar ƙirji, inda wuya ya haɗu da jiki. Ka riƙa toshe kunne kullum, jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ga masu karatu da ke Kalifoniya: tun 1 ga Yulin 2019 an hana farauta da harsashin dalma a duk jihar, sai ku nemi wanda babu dalma a cikinsa. Masu zaune a dazuzzukan gabas kuma, inda koyoti ke ɓullowa a yadi 30, da yawansu sun fi amfani da bindiga mai watsa harsashi ta lamba 12. Aikina a sararin yamma yake, don haka a can ku bi maharban yankinku.

Doka, kafin ka taɓa bindiga

Ba ka faɗi matsayin takardunka ba, kuma wannan shi ne farkon abin dubawa. Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin suna iya sayen bindiga bayan cike fom mai lamba 4473 da binciken da shago zai yi a kansu. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardu an hana shi gaba ɗaya. Kuskure a nan yana iya rusa zaman mutum a ƙasar, saboda haka in akwai wata 'yar shakka, ka ga lauyan shige da fice kafin ka koma shagon.

A Teksas babu lokacin rufe farautar koyoti, babu kuma iyakar adadi. Dokar jihar ta sauƙaƙa wa makiyayi: ba a neman lasisi don harbin koyotin da ke kai wa dabbobi hari ko ya kai kwanan nan. Ni dai ina ba ka shawara ka yanki lasisin, ka kuma yi kwas ɗin koyar da maharba, wanda ya zama dole ga duk mafaraucin da aka haifa daga 2 ga Satumbar 1971 zuwa yau. A can za a koya maka riƙon bindiga, abin da rubutu ba zai koya maka ba. Dokoki suna sauyawa, don haka ka duba littafin shekara na hukumar Texas Parks and Wildlife. In za ka fita da dare da fitila, ka kira jami'in namun daji na gundumarku ka sanar da shi, ka kuma gaya wa maƙwabta.

Ka tabbatar da mai laifin

Kafin ka harbi komai, ka duba gawar da aka bari. Koyoti yakan kama maƙogwaro ne, a bayan muƙamuƙi, ya fara ci daga kayan ciki. Karnukan gida sukan yayyaga cinya da kunne, su raunata dabbobi da yawa, ba su ci ba. Jariri kuwa sau da yawa ɗauke shi ake yi ɗungurungum, kuma alade da kyanwar daji da gaggafa duk suna yin haka. Gaggafa dokar tarayya ta kare ta, ba a harbinta. Kyamarar daji guda biyu a bakin shinge za su nuna maka wanda ke zuwa, da ƙarfe nawa, da inda yake kutsowa.

Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna koyoti ne ke da fiye da rabin tumakin da namun daji ke kashewa a ƙasar, don haka zarginka yana kan hanya. Amma binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya ya gano cewa yawancin ɓarnar ma'aurata ne masu riƙe da yankin suke yi, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. Suna barbara daga Janairu zuwa Maris, su haihu bayan kwana 63 ko kusa da haka, wato daidai lokacin da awakin mutane da yawa ke da ƙananan 'ya'ya. Kashe kowane koyoti da ka gani a hanya ba zai tsayar da asararka ba. Waɗannan biyun kake nema, kuma a kusa da garkenka za ka zauna musu. Bayan ka kawar da su, wasu za su gaji yankin cikin 'yan watanni.

Shi ya sa makiyayan da na sani waɗanda asararsu ta ragu sosai duk suna da karnukan gadi masu kwana cikin garke, irin Great Pyrenees ko Anatolian ko Akbash, wasu kuma jaki. Suna kawo masu ciki kusa da gida su haihu, suna toshe ramukan ƙarƙashin shinge, ba sa barin mushe a fili. Cibiyar binciken noma ta Texas A&M AgriLife da ke garin San Angelo tana da shiri na musamman kan karnukan gadi, kuma a yankinku na yammacin Teksas take. Ka je ka same su a makon da za ka sayi bindigar, domin ɗan kwikwiyo yana ɗaukar fiye da shekara kafin ya iya tsaron garke shi kaɗai, kuma kafin nan kai da .223 ɗinka ne masu gadin.